Taken saƙo na Japananci yana lalacewa idan aka danna mahaɗin akwatin imel, ina matsalar take?

abba_kod:
Assalamu alaikum. Ga wata matsala ku taya ni dubawa. Tsohon shafin jerin kaya ne na wani mai fitar da kayan gyaran mota daga Japan, da PHP aka rubuta shi, fayilolinsa duka a Shift_JIS suke, wato tsohon tsarin adana haruffan Japananci a kwamfuta. Kusa da kowane kaya akwai mahaɗi biyu. Ɗaya na mailto ne, mai buɗe manhajar imel ta wanda ya danna, ɗayan kuma yana buɗe akwatin imel na kamfanin a cikin burauza, da taken saƙo a cike. Don gwaji na sa 日本語 a matsayin take, kamar haka:

https://mail.example.jp/compose?subject=日本語&body=...

Na mailto yana fitowa lafiya lau. Na akwatin kuwa abin da ke bayyana a gurbin take shi ne ���{��. Shafi ɗaya, kalma ɗaya, burauza ɗaya. Shi akwatin imel ɗin a UTF-8 yake aiki, tsarin haruffa na Unicode. Daga ina zan fara?

Malam_Bayit:
Wa alaikumus salam. Wannan bakar { da ta tsaya a tsakiya ita ta tona asirin. A Shift_JIS kalmar 日本語 bayit shida ce: 93 FA 96 7B 8C EA. Bayit na huɗu, 7B, shi ne { a ASCII. Sauran biyar ɗin ba su da ma'ana a UTF-8, shi ya sa sabar ta maye gurbin kowane da �. Wasu akwatunan ma share su suke yi, sai ka ga { kaɗai ta rage.

Ka danna F12, ka buɗe shafin Network, ka danna mahaɗin, ka duba abin da burauza ta aika. Za ka ga %93%FA%96{%8C%EA. Abin da akwatin yake jira shi ne %E6%97%A5%E6%9C%AC%E8%AA%9E, bayit tara, uku-uku ga kowane harafi.

abba_kod:
Malam, na duba, daidai abin da ka rubuta na gani. Amma me ya sa na mailto bai lalace ba?

Malam_Bayit:
Ƙa'idar URL ta WHATWG, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin burauza, ita ce ta tsara haka. Idan adireshi na http ko https ne, ɓangaren da ke bayan alamar tambaya ana naɗe shi ne (wato a rubuta bayit da alamar % da lambarsa) da tsarin haruffan shafin da mahaɗin yake ciki. Ɓangaren da ke kafin alamar tambaya kullum UTF-8 ne. Su mailto kuwa ba a duba tsarin shafi, UTF-8 ake yi musu kai tsaye. Wato a adireshi ɗaya kana iya samun rabi a UTF-8 rabi a Shift_JIS, kuma burauza ba ta yi laifi ba.

garba_damagaram:
Ai maganin a fili yake. A wuce da taken ta cikin escape() a JavaScript kafin a haɗa mahaɗin.

HajiyaPHP:
A'a ɗan'uwa, kada ya taɓa escape(). Ba bayit take fitarwa ba, lambar Unicode take rubutawa: 日 zai koma %u65E5, 本 ya koma %u672C. Babu ƙa'idar URL da ta san da %u, yawancin saba ko dai su bar shi a haka ko su ƙi karɓar buƙatar. Wadda ake so ita ce encodeURIComponent(). Ita kullum UTF-8 take fitarwa, ko da shafin a Shift_JIS yake, domin JavaScript ba ta riƙe rubutu da tsarin shafi.

Tunda PHP ce ke haɗa mahaɗin, a nan ya fi dacewa a gyara. Sai dai a kula, rawurlencode() ba ta san harafi ba, bayit kawai take gani. Ka ba ta rubutun Shift_JIS, ta dawo maka da %93%FA%96%7B%8C%EA, matsalar na nan daram. Mataki uku ne, kuma a jere:

$u = mb_convert_encoding($take, 'UTF-8', 'SJIS-win');
$q = rawurlencode($u);
echo htmlspecialchars($adireshi . '?subject=' . $q . '&body=' . $jiki);

Juyawa zuwa UTF-8, naɗewa da alamar %, sannan a shirya shi don shiga HTML. Kowace ƙima a naɗe ta ita kaɗai, ba adireshin gaba ɗaya ba, in ba haka ba & da = ɗin da ke raba ƙimomin su ma za su naɗe.

garba_damagaram:
Na karɓi gyara, Hajiya. Me ya sa SJIS-win, ba SJIS kawai ba?

HajiyaPHP:
Saboda abin da mutane ke kira Shift_JIS a kan Windows a gaskiya CP932 ne, wanda Microsoft ta ƙara wa haruffa. Lambobi masu da'ira irin ① da ②, alamar kamfani ㈱, da 髙 da ke cikin sunayen wasu iyalai, duk ba sa cikin Shift_JIS na asali. Ka juya da SJIS zalla, su koma alamar tambaya. A jerin kaya kuwa ① da ㈱ ba sa ƙarewa. Akwai kuma bayit 81 60: tebur ɗaya yana kai shi U+301C, na Microsoft yana kai shi U+FF5E. A ido kusan iri ɗaya ne, amma idan aka nemi take a akwati ba za su dace ba. A zaɓi tebur ɗaya a tsaya a kansa ko'ina.

Injiniya_Tanko:
Ni ban ga amfanin faci ba. A juya shafin dungurungum zuwa UTF-8 a huta. iconv -f CP932 -t UTF-8 a kan kowane fayil, a canja meta charset, a duba abin da saba ke aikowa a Content-Type. Wannan na ƙarshe ake mantawa: idan Apache na da AddDefaultCharset Shift_JIS, abin da ke kan HTTP shi ke rinjayar meta, sai shafin duka ya cika da 縺 da 繧 da 繝. Duk inda ka ga waɗannan ukun sun yawaita, UTF-8 ne aka karanta a matsayin Shift_JIS, domin hiragana da katakana da E3 81, E3 82, E3 83 suke farawa. Meta ɗin kuma ya kasance cikin bayit 1024 na farkon fayil.

HajiyaPHP:
Injiniya, a ƙarshe can za a je, ban musa ba. Amma fayil ba shi kaɗai ba ne. Akwai rumbun bayanai, akwai fom ɗin da ke aika oda, akwai CSV ɗin da ma'aikata ke buɗewa a Excel na Japan, wanda idan fayil ba shi da BOM, alamar farkon fayil mai nuna UTF-8 ne, da CP932 yake karanta shi. Aikin makonni ne. Kuma ko shafin ya koma UTF-8, barin rubutu tsirara a cikin mahaɗi kuskure ne: take mai & ko # zai yanke.

Injiniya_Tanko:
Naɗewa dole ce, a nan mun yarda. Abin da nake gudu shi ne 5C. Harafin 表 a Shift_JIS 95 5C ne, ソ 83 5C, 能 94 5C. 5C shi ne \ a ASCII. Duk inda tsohon kod ya kira addslashes ko stripslashes a kan rubutun kafin a juya shi, ya riga ya ƙara bayit ko ya cire. Muddin fayilolin na Shift_JIS, wannan ramin na nan. Masu Big5, tsarin haruffan Sinanci, a Taiwan da Hong Kong ma sun sha fama da shi a 許, 功 da 蓋.

abba_kod:
Na bi matakan Hajiya uku, yanzu take yana fitowa daidai, har da ① da ㈱. Sai dai wata ta ɓullo. Idan ma'aikaci ya riga ya shiga akwatinsa, komai lafiya. Idan bai shiga ba, ana kai shi shafin shiga, bayan ya sa kalmar sirri sai jikin saƙon ya ɓace gaba ɗaya. A wata kwamfutar kuma take ya fito a haka: %E6%97%A5%E6%9C%AC%E8%AA%9E, a rubuce ƙuru-ƙuru.

zainab_sysadmin:
Cuta biyu ce daban, Yaya Abba, kodayake tushensu ɗaya: yawan naɗi bai yi daidai da yawan warwara ba.

Ta farko: shafin shiga yana ajiye adireshin da za a koma a cikin wani adireshin, misali login?next=... Adireshi a cikin adireshi sai an sake naɗe shi. %E6 ya zama %25E6, & ya zama %26. Idan ba a yi ba, saba tana ganin &body= a matsayin ƙimar shafin shiga, ba ta next ba, shi ya sa jikin ke faɗuwa. Don haka ganin %25E6%2597%25A5 a cikin next ba laifi ba ne, haka ya kamata.

Ta biyu akasin haka ce: an naɗe sau biyu, an warware sau ɗaya. Ka nemi inda ake ɗaukar adireshin da ya riga ya naɗu a sake wucewa da ƙimominsa ta http_build_query, ko dokar RewriteRule mai [R] a Apache da ba ta da alamar NE. Ka ƙirga: mahaɗin farko naɗi ɗaya, cikin next naɗi biyu, a Location bayan shiga ya dawo ɗaya. curl -sI a kan kowane mataki zai nuna maka inda lissafin ya karkace.

Kuma $_GET ya riga ya warware sau ɗaya. Wanda ya sake kiran urldecode a kansa zai mai da + ya zama fili, lambar kaya mai % kuma ta lalace.

Malam_Bayit:
Ƙari kan maganar Zainab: haka abin yake idan an yi rajistar akwatin a matsayin mai buɗe mailto ta navigator.registerProtocolHandler. Burauza tana ɗaukar mailto ɗin gaba ɗaya ta naɗe shi ta sa a gurbin %s. Saba za ta warware sau ɗaya ta sami mailto:...?subject=%E6%97%A5, sannan ta tsaga shi a ? da &, sannan ta warware kowace ƙima. Wanda ya warware sau biyu kafin ya tsaga, duk & ɗin da ke cikin take zai zama mai raba ƙima.

sadiq_java:
Batun + da aka ambata, a kula da shi a mailto musamman. Ƙa'idar mailto, RFC 6068 ta 2010, wadda ta maye gurbin RFC 2368, ita ce ta tsaida UTF-8, kuma fili %20 ne, sabon layi %0D%0A. Alamar + a mailto tana nan a + ɗinta. URLEncoder.encode a Java, urlencode a PHP, quote_plus a Python da URLSearchParams a burauza duk + suke sa wa fili, domin na fom ne. A Java sai ka bi da replace("+", "%20"). A kuma ba shi UTF-8 a bayyane. Wanda ba a ba shi tsari ba da na injin yake aiki, kuma sai a Java 18 UTF-8 ya zama na asali.

Idan akwatin a kan Tomcat yake, wato sabar Java: kafin Tomcat 8, URIEncoding na asali ISO-8859-1 ne. setCharacterEncoding ba ta taɓa adireshi, jikin POST kawai take shafa. Alamar wannan ita ce take ya fito kamar æ—¥æœ¬èªž.

garba_damagaram:
Wannan æ— ɗin na san shi. Irinsa ne ke mai da ƙ ta zama Æ™, ɗ ta zama É—.

sadiq_java:
Shi ne. ƙ a UTF-8 C6 99 ce, aka karanta bayit ɗaya-ɗaya da Windows-1252. Kuma idan aka sa ƙ tsirara a mahaɗin shafin Abba, tunda babu ita a Shift_JIS, burauza za ta aika %26%23409%3B, take ya fito da &#409; a rubuce. Haka zai faru da sunan abokin ciniki na Koriya, domin Hangul ma babu shi a Shift_JIS.

Injiniya_Tanko:
To kun gani. Sunan mai saye daga Busan ba zai ma shiga rumbun ba balle ya kai mahaɗi. Faci ba ya maganin wannan.

mai_unguwa_net:
Tambaya a gefe. Tsofaffin mahaɗan da suka riga suka bazu, a wasiƙun da aka aika da shafukan da mutane suka adana, har yanzu %93%FA za su riƙa aikowa. Ba za a sa mb_detect_encoding a gefen akwatin ya gane da kansa ba?

Malam_Bayit:
Cankar tsari a kan take mai harafi huɗu ko biyar caca ce. Ɗauki C7 D1 B1 DB. A EUC-KR 한글 ne. A Shift_JIS halastaccen rubutu ne, ƙananan katakana huɗu, ﾇﾑｱﾛ. A GB2312 da EUC-JP ma ya halasta, haruffa biyu ne daban. Haka D6 D0 CE C4, wato 中文 a GBK, Shift_JIS zai karanta shi ﾖﾐﾎﾄ ba tare da ƙorafi ba. Abin da ake iya dogara da shi ɗaya ne: UTF-8 na da tsari mai tsauri, da wuya rubutun wani tsarin ya dace da shi bisa kuskure. Don haka a gwada mb_check_encoding($s, 'UTF-8'). Ya wuce, a bar shi. Bai wuce ba, a juya daga tsari guda da ka san tsofaffin mahaɗanka da shi aka yi, a nan SJIS-win. Kada a ba shi jerin biyar ya zaɓa.

zainab_sysadmin:
Ni da son samu ne ko wannan ba za a yi a cikin akwatin ba. Ƙaramin fayil ɗaya a tsohon adireshin, ya juya, ya tura da lambar karkatarwa ta 302 zuwa sabon. A rubuta kowane a log, in an ga wata shida babu mai zuwa a cire shi. A wurin kuma a share %0D da %0A daga take da adireshin mai karɓa, don kada wani ya cusa Bcc ta nan. next ɗin ma a tabbatar cikin gida yake nunawa.

mai_unguwa_net:
Waɗanda suka riga suka lalace a akwati fa, ana iya ceto su?

HajiyaPHP:
Ya danganta da irin lalacewar. Irin æ—¥ bayit ɗin na nan, fassara ce ta karkace: a Python, s.encode('cp1252').decode('utf-8'). Amma cp1252 na Python ba shi da 81, 8D, 8F, 90 da 9D, hiragana kuwa cike take da 81, don haka sai ka yi wa waɗannan biyar tebur da hannu. Inda aka ga � ko ? an riga an zubar da bayit na asali, babu abin da zai dawo da shi. A rubutun Sinanci idan ka ga 锟斤拷, wannan � biyu ne, EF BF BD sau biyu, aka karanta da GBK. Shi ma ya tafi.

lawal_gz:
Tunda an taɓo Sinanci. Wasiƙa da yawa daga Sin suna cewa charset=gb2312 alhali GBK ne a ciki. GB2312 haruffan Sinanci 6,763 kawai gare shi, 镕 na sunan tsohon firaminista Zhu Rongji ma ba ya ciki. Burauza ta san wannan, tana karanta gb2312 a matsayin GBK, amma iconv a saba ba ya yafewa, tsayawa yake yi a harafin farko da bai sani ba. Idan akwatin yana ɗauko take daga wasiƙar da ta shigo ya sa a mahaɗin amsa, a nan take ke gutsurewa. A sa tebur: gb2312 da gbk a karanta da GB18030, ks_c_5601-1987 da euc-kr a karanta da CP949. EUC-KR gaɓoɓin Hangul 2,350 ya ɗauka, CP949 ya cike duka 11,172.

abba_kod:
Na samo ta shafin shiga, next ne ba a sake naɗewa, kamar yadda Zainab ta ce. Ta naɗi biyu kuma RewriteRule ce. Saura ɗaya: idan bayanin kaya ya yi tsawo, mailto ba ya buɗewa sam a wasu kwamfutocin Windows, wani lokacin kuma harafin ƙarshe ya zama �.

Malam_Bayit:
Yi lissafi. Harafi ɗaya bayit 3, kowane bayit alama 3 a adireshi, wato 9. Haruffa 230 sun kai 2,070. Iyakar tsohuwar burauzar Internet Explorer 2,083 ce a zamaninta, kuma hanyar da Windows ke miƙa mailto ga manhajar imel a wajajen 2,000 take fara gazawa. A gefen saba, LimitRequestLine na Apache 8,190 ne, nginx 8k, daga nan sai kuskuren 414, wato adireshi ya yi tsawo. Ga mailto ka tsaya a haruffa 150 zuwa 200 duka-duka.

� na ƙarshe kuma substr ce ta sare harafi a tsakiya. Ka yanke da mb_substr bayan juyawa zuwa UTF-8, kafin naɗewa. A JavaScript a kula da irin 𠮷, wanda bayit 4 ne, F0 A0 AE B7, kuma gurbi biyu yake ci: slice ta raba shi, encodeURIComponent ta jefo URIError. Array.from(s).slice(0, 150).join('') ba ta raba shi. Idan MySQL ne rumbun, utf8 ɗinsa bayit 3 ne iyaka, sai utf8mb4.

zainab_sysadmin:
Ko a daina cusa jiki a mahaɗi. compose?item=48213, saba ta ɗauko bayanin da kanta. Babu tsawo, babu tsarin haruffa.

abba_kod:
Ga akwatin kamfani zai yiwu. Na mailto kuwa na masu saye ne daga waje, ba ni da iko da manhajarsu.

sadiq_java:
To ka san cewa tsohon Outlook na Japananci Shift_JIS yake jira a mailto. Daga Outlook 2007 aka sa zaɓin karɓar UTF-8 a mailto, a ƙarƙashin International Options. Mai saye da ya ce na mailto ya lalace masa, can za a fara dubawa. Babu mahaɗi ɗaya da zai gamsar da tsoho da sabo tare. Ni UTF-8 zan bi, in sa lambar kaya da haruffan ASCII a farkon take, ko sauran ya lalace a gane odar.

lawal_gz:
Akwai masu sa =?UTF-8?B?5pel5pys6Kqe?= a cikin subject na mailto don kauce wa wannan.

Malam_Bayit:
RFC 6068 ta halasta shi a take, ban da jiki, amma sai an naɗe = da ? ɗinsa, kuma ba kowace manhaja ke warware shi a tagar rubutu ba. Wasu haka za su nuna shi. Asalin wurinsa kan wasiƙar da ke fita ne, bisa RFC 2047. Can ma akwai iyaka: guntu ɗaya alama 75, a cire 12 na buɗewa da rufewa, Base64 60 ke shiga, bayit 45, haruffa 15. mb_encode_mimeheader tana yanka a kan iyakar harafi. Wanda ya yi base64_encode ya bi da chunk_split zai raba harafi tsakanin guntu biyu.

Injiniya_Tanko:
Abba bai faɗa mana da wane tsari akwatin ke fitar da wasiƙa ba. Idan ISO-2022-JP ne, tsohon tsarin wasiƙun Japananci, ① ɗin da Hajiya ta ceto a mahaɗi zai mutu a wurin aikawa, domin RFC 1468 ba ta san shi ba, haka ƙananan katakana. Kuma a wannan tsarin ア bayit 25 22 ne, wato % da ". Duk kod ɗin da ya nemi adireshi ko ya kira htmlspecialchars a jikin wasiƙa kafin juyawa zuwa UTF-8, ɓarna zai yi.

HajiyaPHP:
Akwai ISO-2022-JP-MS a mbstring, yana ɗaukar ① ɗin, idan akwai masu karɓa da har yanzu tsarin suke buƙata.

Injiniya_Tanko:
Yana ɗauka, amma sai manhajar mai karɓa ta yarda da ƙarin Microsoft. Ni UTF-8 zan fitar.

HajiyaPHP:
Wannan sai an ga jerin masu karɓa tukuna. Abba, ka aika wa kanka wasiƙa ta mahaɗin, take ya ƙunshi ①髙表ソ～𠮷, ka buɗe asalin wasiƙar ka liƙo mana layin Subject da na Content-Type.

abba_kod:
Content-Type ya ce iso-2022-jp. 表 da ソ sun iso, ① da 髙 sun zama ??, 𠮷 kuwa tun a shafin kaya ya ƙi shiga. Ga shi kuma na lura adireshin da ke jikin wasiƙar ya haɗiye 。 da duk jimlar da ke bayansa ya mai da su mahaɗi ɗaya. Wannan a gefen akwatin ake gyara shi, ko in sa sabon layi bayan adireshin tun daga mahaɗin?